Dadsan ko Hilux? Yadda za ku gane tsohuwar a-kori-kura a Jidda

Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar Haraj Sawarikh a kudancin Jidda ya san motocin nan: ƙananan a-kori-kura, yawanci farare, an lafta musu katifu da firji har sun durƙusa. Larabawa na ce musu "wanet". Tun da muka saka bidiyonsu ake tambayata abu biyu: wace ƙira ce, kuma shekara nawa za ta ƙara yi?

Mu fara da Dadsan, wato Datsun ta kamfanin Nissan. Ƙirar 620 ta fito a 1972, sai 720 ta gaje ta. D21 ta zo a tsakiyar shekarun 1980, jikinta kusurwa-kusurwa kamar akwati, fitilunta murabba'i. D22 kuwa, wadda ta fito a 1997, ta fi lanƙwasa. A Saudiyya har yau duk Dadsan ake kiransu, ko da Nissan aka rubuta a baya.

Amma fa ni ba na yarda da rubutun ƙofar baya, don ana sauya ƙofar, ana kuma manna sitika. Ku buɗe bonet ku nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya maƙala. A tsohuwar Hilux, haruffan farko na lambar ƙira su ne labarin: RN na nufin injin fetur na gidan R, irin 22R mai lita 2.4, YN injin fetur ne na gidan Y, LN kuma dizal. Daga nan ku duba lambar da aka buga a jikin shasi, ku gwada ta da wadda ke cikin istimara, wato takardar rajistar motar. In ba su zo ɗaya ba, ku kama gabanku kawai.

To, batun daɗewa fa? Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, kuma kamfanin Abdul Latif Jameel na nan Jidda yana dillancin Toyota tun 1955, shi ya sa kayan gyara ba sa wuya. Injinan ba su da tarkacen kwamfuta, kowane bakanike ya san kansu. A 2003 shirin Top Gear na Ingila ya jefa wata Hilux ta 1988 a teku, ya banka mata wuta, ya rushe bene da ita a kansa, duk da haka ta tashi.

Sai dai abin da ke kashe su a Jidda tsatsa ce, ba inji ba. Iskar Bahar Maliya na ɗauke da gishiri da laima, ga motocin da suka sha ruwa a ambaliyar 2009 da ta 2011. Inji ana sauke shi a sa wani. Shasin da ya ruɓe kuwa ya gama yawo, kuma da wuya ya wuce fahas, binciken lafiyar mota.

Don haka shawarata ga mai son saye don neman abinci: ka sunkuya ƙarƙashinta da tocilan, ka ƙwanƙwasa shasin da sukundireba, musamman inda sifirin na baya ya kama. In ƙarfen ya amsa da ƙara mai kyau, tsohuwar nan za ta iya ɗaukar maka kaya wasu shekarun. In ya zubo gari kamar ƙanzo, ajiye kuɗinka, komai ƙyallin fentin.