Masu aikin waje da sanyin asuba: a kiyayi ruwa da iska

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, iskar hunturu tana sauko mana daga arewa maso gabas. Takan ratso hamada ɗauke da ƙura, ta iso ƙasar Dakwaro ba tare da ta gamu da dutse ko kurmin da zai tare ta ba. Da tsakar rana ma'aunin zafi yakan kai 30. Da asuba kuwa yakan sauka zuwa 12 ko 13, wasu ranaku ma ƙasa da 10. A Bilma, cikin Janairun 1995, ya taɓa sauka ƙasa da sifiri, wato inda ruwa ke daskarewa. Mu nan ba mu kai haka ba, amma ɗarin namu ya isa ya kwantar da ƙato.

Abin lura shi ne, lokacin nan ne na nema. An gama girbi, an shigar da hatsi rumbu, kowa ya koma ga sana'ar rani: masu buga tubali a bakin tabki, magina, masu ɗiban ruwa a rijiya, masu lambu a kwarin Tarka, ƴan kabu-kabu, mahauta, masu gadi. Wanda ya kwanta ciwo mako 2 a wannan lokaci, ya rasa kuɗin aiki, ya kuma buɗe rumbunsa tun kafin bazara don sayen magani.

Zafin jikin mutum mai lafiya 37 ne, kuma jiki kullum ƙoƙari yake ya riƙe shi a nan. In ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Abu 2 ne suka fi kwashe wannan zafi: ruwa da iska. Ruwa yana jan zafin jiki fiye da busasshiyar iska wajen sau 25. Shi ya sa mai gadin da ya kwana a waje da busassun tufafi yakan tashi lafiya, amma mai tubalin da ya yi awa 1 cikin laka da jiƙaƙƙen wando ya fito haƙoransa na kaɗawa.

Mu tsaya a kan mai tubali, don shi ya fi kowa shan wuya. Mafi tsananin sanyi yana zuwa ne dab da fitowar rana, kuma a watan Janairu rana ba ta fitowa nan sai wajen ƙarfe 7. Da yawa daga masu wannan sana'a sukan shiga kwaɓa tun daga sallar asuba, don su cika adadin da suka yi alkawari. A ganina wannan lissafi gajere ne. Ƙasar da aka jiƙa da yamma aka bar ta ta kwana ta fi laushi, ta fi saurin kwaɓuwa. Da sassafe a fara da busasshen aiki: juya tubalin jiya, jera wanda ya bushe, sassaƙo ƙasa, tara ciyawar kwaɓi. Aikin nan da kansa yana ɗumama jiki. In rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 9, sai a shiga laka. Kuma a zo da wando na biyu a ajiye nesa da ruwa. Da an fito a wanke ƙafa, a goge ta sarai, a canza.

A rijiyoyin arewa, wajen Bermo da makiyayar da ke kewaye, zurfin wasu ya wuce mita 50, sai da jakuna ko shanu ko raƙumi ake jan wasaki. Makiyayi ba ya iya ce wa garke ya jira hantsi. To, wanda ke tsaye a bakin rijiya yana karɓar wasaki yana juyewa a komi, shi ruwa ke zubo wa a ƙirji da cinya, iska kuma tana dukansa. Ya ɗaura fata ko buhun leda daga ƙirji zuwa gwiwa a kan rigarsa, kuma a riƙa karɓar juna. Yaran da ke kora dabbobin jan igiya a kula da su ƙwarai, domin ƙaramin jiki ya fi saurin rasa zafi, kuma yaro ba ya faɗa sai abin ya ci ƙarfinsa.

Ɗan kabu-kabu shi iska ce abokiyar gabarsa. In ma'auni yana kan 10, shi kuma yana gudun kilomita 40 a awa, jikinsa yana jin kamar 6 ne. Ya sa rigar da iska ba ta ratsawa a sama. In babu, kwali ko leda a ƙirji tsakanin riga da riga yana aiki. Safar hannu wajibi ce, don yatsun da suka sandare ba sa kama birki da wuri.

Game da tufafi, riguna 2 ko 3 marasa kauri sun fi guda mai nauyi, domin iskar da ta maƙale a tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. In aiki ya kankama gumi ya fara, a tuɓe ta sama tun kafin ta ciki ta jiƙe, don gumi ma ruwa ne. A dilar gwanjo, wadda muke kira bosho, ana samun su da sauƙi. Rawani kuwa, Buzaye da Fulani sun riga mu gane amfaninsa: yana rufe kunne da wuya, yana rage ƙurar da ke shiga hanci.

Kada a fita da kumallo. Koko ko kunu mai zafi, da ƙosai ko ƙuli-ƙuli, su ne itacen da jiki ke hura wutarsa da shi. A sha ruwa ko da ba a jin ƙishirwa, domin busasshiyar iska tana tsotse jiki. Giya tana sa a ji ɗumi a fata alhali zafin ciki yana fita. Ƙwayar tramol da wasu samari ke haɗiya don aikin ƙarfi tana kashe jin ciwo da gajiya, har mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba, kuma tana jawo farfaɗiya. Faso da kaushi kuma a shafa musu man kaɗe ko basilin da dare bayan wanki. Magini ya sani ɗanyen siminti yana cin fata, in ya shiga tsaga sai ta zama gyambo.

Wutar jin ɗumi tana da nata sharri. Garwashi a kasko cikin ɗaki ko rumfar da aka toshe yana fitar da wata guba da ba ta da wari ko launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan barci ya kwashe mutum, wani ba ya farkawa. Akan ce iskoki ne suka taɓa shi, alhali hayaƙin gawayi ne. A fitar da kasko waje kafin a kwanta. Mai suyar ƙosai da asuba ta tattara gefen zanenta da mayafinta. In an ƙone, a zuba ruwa mai tsabta a wurin har minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka.

In abokin aiki ya fara makyarkyata mai tsanani, maganarsa ta sarƙe, kayan aiki na suɓuce masa, yana jin barci, a fitar da shi daga iska. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kanga shi dab da wuta. In makyarkyatar ta tsaya alhali jikinsa yana nan sanyi ƙalau, abin ya yi nisa, a garzaya gidan likita. Haka nan zazzaɓi da saurin numfashi da sukan ƙirji, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ba a jira da su kwana. Tarin da ya wuce mako 2 a je a auna majina. Mai ciwon sikila kuwa, sanyi yana tayar masa da ciwon ƙashi, don haka maigidan aiki ya ba shi busasshen aiki har ɗari ya wuce.