Gani Ya Kori Ji: Bidiyo da Koyon Ilmin Halittu

Babbar wahalar ɗalibin sakandare a darasin ilmin halittu ita ce, zanen littafi a tsaye yake, rai kuwa motsi ne. A ɗauki misalin rabuwar ƙwayar halitta gida biyu, wadda masana ke kira maitosis. Littafi yakan nuna ta cikin zane huɗu, kowanne da sunansa. Sai ɗalibi ya haddace sunayen, ya ɗauka ƙwayar tsalle take yi daga wannan mataki zuwa wancan, alhali kuwa aiki ne guda mai gudana ba tsayawa.

Masana ma da zane suka fara. A shekarar 1882 wani Bajamushe, Walther Flemming, ya bayyana matakan rabuwar, yana rina ƙwayoyi yana zana su da hannu. A 1909 wani likitan Faransa, Jean Comandon, ya haɗa na'urar ɗaukar hoton majigi da madubin ƙara girman abu, ya ɗauki ƙwayoyin cutar tunjere suna motsi. Daga nan aka shiga nuna wa jama'a abin da a da sai mai leƙa madubi ke gani.

Wata hikimar bidiyo ita ce taƙaita lokaci. Ƙwayar jikin ɗan Adam da ake reno a ɗakin bincike takan ɗauki kimanin awa 24 daga rabuwa zuwa rabuwa. Idan aka ɗauki hotonta sau ɗaya kowane minti, za a sami hotuna 1,440. In aka nuna 24 a kowace daƙiƙa, sai aikin yini da dare ya wuce cikin minti ɗaya, a ga kuromosom sun jeru a tsakiya, sun rabu, ƙwaya ɗaya ta zama biyu.

Samun irin waɗannan darussa ya yi sauƙi. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, da Crash Course, wanda ya fara darussan ilmin halittu a YouTube a 2012, duka kyauta ne. Sai dai da Turanci suke, kuma ba bisa manhajar WAEC ko NECO aka tsara su ba. Saboda haka wajibi ne malami ya riga ɗalibansa kallo, ya zaɓi abin da ya dace. Ya kuma bambance masu hoton gaskiya da zanen kwamfuta, domin launukan ja da shuɗi da ake yi wa sassan ƙwaya a zane don sauƙaƙa fahimta ne kawai.

Amma fa gani ba ci ba ne. Wanda ya zauna yana kallo kawai yakan zaci ya gane, sai ranar jarrabawa ya kasa zana abin da ya gani. Maganin wannan shi ne a riƙa tsayar da bidiyo, ɗalibi ya faɗi abin da zai biyo baya, sannan ya zana shi ba tare da dubawa ba.

Bayan haka sai a koma ga abin da hannu zai taɓa. A ɗora albasa a bakin kofin ruwa; cikin 'yan kwanaki saiwoyi za su fito. A yanki kan saiwa, a rina, a duba a madubi. A nan ɗalibi zai iske ƙwayoyi, kowace a matakinta, ya gane su domin ya riga ya ga yadda suke motsi.