Yul Brynner, Sarkin Siyam na Dandali

An haifi Yul Brynner a birnin Vladivostok na ƙasar Rasha a 1920. Ya tashi a Sin da Faransa, inda ya riƙa kaɗa jita yana waƙa a gidajen rawa na Paris, kafin ya koma Amurka a 1940.

Tauraronsa ya haska a 1951, lokacin da aka ba shi matsayin Sarki Mongkut na Siyam, wato Tailan ta yau, a wasan dandali mai waƙoƙi The King and I. Saboda wannan wasa ya aske kansa tas, askin da ya zame masa alama har ƙarshen rayuwarsa. Yakan fito ba takalmi, ya buɗe ƙafafu, ya riƙe ƙugu, yana ba da umarni da murya mai kauri. Gwanintarsa ita ce nuna sarkin da girman kai bai hana shi ƙishirwar ilimi ba. Sau 4,625 ya taka wannan rawa a gaban 'yan kallo, fim ɗin da aka yi a 1956 kuma ya jawo masa lambar Oscar. Hukumomin Tailan dai sun haramta fim ɗin, suna ganin ya zubar da darajar sarautarsu.

A 1956 ɗin ne kuma ya fito a matsayin Fir'auna a fim ɗin The Ten Commandments, sannan ya fito a The Magnificent Seven a 1960.

Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a New York ranar 10 ga Oktoba, 1985. Bayan rasuwarsa aka riƙa nuna wani gajeren saƙonsa a talabijin, yana roƙon jama'a su daina shan taba.