Neman Gado a Samaru

Shirin namu na yau na ɗaliban da suka samu gurbin karatu ne a jami'a, da iyayen da suka fara haɗa musu kaya. Za mu leƙa Samaru, babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, don ganin inda sabon ɗalibi zai riƙa kwana.

Sunayen ɗakunan kwanan ma kansu tarihi ne. Mata na zama a Amina, mai sunan sarauniyar Zazzau, da Ribadu, da kuma Alex, wanda aka sa wa sunan Norman Alexander, shugaban jami'ar na farko. Maza kuwa suna Ɗanfodiyo, da ICSA da Ramat. Masu karatun lauya da harkar mulki can Kongo suke, a wani ɓangaren garin, da nasu ɗakunan.

Sai dai samun gurbin karatu daban, samun gado daban. Ɗalibai sun ninka gadajen da ake da su, kuma ta intanet ake nema, bayan an biya kuɗin makaranta. Wanda ya yi jinkirin biya yakan tarar an rufe. A 2019 Gidauniyar Aliko Dangote ta miƙa wa jami'ar sababbin gine-gine goma masu ɗaukar ɗalibai 2,160, an samu sauƙi, amma har yau buƙata ta fi ƙarfin abin da ke ƙasa.

Daga nan ne abin da ɗalibai ke kira sikwatin ya samo asali. Mai gado ya ɗauki ɗan garinsu ko abokin ajinsu su raba katifa, ko a shimfiɗa wata a ƙasa in dare ya yi, a jingine ta da safe. Doka ba ta yarda da haka ba, kamar yadda ba ta yarda da sayar da gado ba, kuma wanda aka kama yana iya rasa wurin baki ɗaya. Abin tausayi shi ne sabon shiga ne ya fi faɗawa hannun masu cewa a kawo kuɗi su samo ɗaki. Wanda bai dace ba sai haya a cikin Samaru, ko Zango, ko Hayin Dogo, inda kuɗin ɗaki ya fi yawa, ga na mota kullum.

Abinci fa? A da jami'a ce ke ciyarwa a farashi mai rahusa. Ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini na cikin abin da ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta har a Zariya. Yanzu kowa tukunyarsa: shinkafa da wake, taliya da manja, garin kwaki da ƙuli-ƙuli in wata ya yi nisa. Yaron da bai taɓa kunna risho a gida ba gara mahaifiyarsa ta koya masa tun kafin tafiya.

Shi kansa ɗakin, ba mutum ne ke zaɓen abokan zamansa ba. Bakatsine na iya samun kansa da Tibi daga Makurɗi da Bayerabe daga Ilori, wani ya tashi sallar asuba, wani ya yi shirin coci ran Lahadi, wani kuma bai dawo daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba sai dare ya raba. Rigimar da ake yi galibi ƙanana ce: wa ya ɗauki bokiti, wa ya cire caja, yau sharar wa. Amma a irin ɗakin nan ne in zazzaɓi ya kwantar da yaro tsakar dare, wanda ko yarensa ba ya ji zai goya shi zuwa asibitin makaranta.

Kayan tafiya ba su da yawa: katifa ƙarama, bokiti biyu, kwaɗo mai ƙarfi, gidan sauro, fitila mai caji. A sa katifar a rana lokaci-lokaci saboda kuɗin cizo. Kada kuma a manta da bargo da rigar sanyi, domin hunturun Samaru a watan Disamba da Janairu, da asuba a layin famfo, sai wanda ya tsaya da bokiti a hannu.