Haraji Ya Bar Gona, Ya Tare a Kasuwa

Dattawan Ɗanbatta ba su manta da kakar haraji ba. Da an girbe gero da gyaɗa, mai unguwa zai bi gida-gida, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Sarkin Bai, daga nan kuɗi su nufi Baitulmali a Kano. Makiyayi kuwa jangali yake biya a kan kowace saniya. Wanda ya gaza, ko ya sayar da akuyarsa, ko ya sha rana a ƙofar dagaci, ko ya sulale da dare.

Wannan ukuba ce jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙa tun 1950, har gwamnan Kano na jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi, ya soke haraji da jangali a 1979. Talakawa suka yi guɗa. Masu ra'ayin riƙau suka ce an yi gaggawa: da haraji ne masu sarauta ke sanin kowane magidanci da kowane baƙo, kuma ƙaramar hukumar da ba ta tara kuɗinta za ta koma zaman jiran kason tarayya. A wannan na biyun, gaskiya, ba su faɗi ƙarya ba.

Amma hukuma ba ta azumi. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin gidaje, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Na gidaje ba mai son taɓawa, don mai gida ƙuri'a ne. Sai nauyi ya karkata ga rumfa da shago da kara, inda rasit ke da sauƙin yanka, ga kuma harajin VAT da ya kai kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Sababbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, sai dai mai awo a kasuwar Ɗanbatta ba kamfani ba ne. Abin da aka karɓa hannunsa da hannun direba da dillali, cikin farashin buhu yake fita. Manomin da Rimi ya 'yanta yana biya har yau, ranar da ya kai hatsinsa da ranar da ya sayo taki, ba tare da ya san nawa ba.