Doki Dubu a Cikin Inji: Ta Kamfani ko ta Bakanike?

A shekarar 1987 wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna RUF ya ɗauki fasalin Porsche 911, ya ɗaura wa injinta turbo biyu, ya fitar da motar da ya kira CTR. Ƙarfinta doki 469 ne, kuma a wajen gwaji ta yi gudun kilomita 342 a awa guda. Guda 29 kacal aka ƙera tun daga tushe. Haka Nismo, reshen tsere na kamfanin Nissan, ya yi a 2005: ya sayi tsofaffin Skyline GT-R waɗanda ba su sha hanya ba, ya warware su kusa bayan kusa, ya sake haɗa su da ƙarfin doki wajen 500. Ba su wuce ashirin ba. Yau duk wadda ta fito kasuwar gwanjo a cikinsu, sai an ajiye sama da dala miliyan ɗaya.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai motar gareji. Injin Toyota Supra da ake kira 2JZ ya bar masana'anta da doki 320, amma da yake gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai jure matsi, makanikai a Amurka da Japan da ƙasashen Larabawa kan sa masa ƙaton turbo, su sauya fistan, su sake saita kwamfutarsa har ya kai doki 1,000. Kuɗin aikin bai kama ƙafar farashin waɗancan ba. Shi ya sa matasanmu masu kallon bidiyon tsere a waya, daga Jalingo har Lau, ke tambaya: mene ne hikimar zuba dukiya a kan doki 500, alhali bakanike zai ba ka ninkinsa da araha?

Amsar tana cikin zafi. Turbo iska yake cusa wa inji domin ya ƙona mai da yawa, to amma a cikin man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke zama ƙarfin juya taya. Sauran zafi ne, ya bi salansa da lagireto. Wanda ya ninka ƙarfin inji ya ninka wannan zafin, sai lagireto ya gaza, kuloci ya ƙone, giya ta zubar da haƙora. Burki ya fi ban tsoro, domin idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Abin da mai sayen RUF ko Nismo ke biya ke nan, bayan suna da ƙarancin motar: an gwada inji da burki da shokazoba da tayoyi tare, na tsawon dubban kilomita, har kowanne ya san nauyin ɗan'uwansa. Motar gareji sau da yawa mai ita ne ke gwada ta, a kan titin da jama'a ke bi.

Duk da haka ni ina tare da bakanike, kuma da dalilina. AMG ɗin da ake tinƙaho da shi injiniyoyi biyu ne suka fara shi a 1967, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suna gyaran injunan Marsandi a ƙaramin wurin aiki. Brabus ma haka ya soma a 1977. Abin da ya ɗaga su shi ne aunawa da rubuta sakamako da tsayawa a bayan aikinsu.

Mu ma muna da namu gadon. Tun da masana'antar Fijo ta buɗe a Kaduna a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, makanikan Arewa suka ƙware a kanta ciki da bai. A Faransa kamfanin Dangel ya yi suna daga 1980 da mayar da 504 mai ja da tayoyi huɗu, a nan kuwa ba tare da sunan kowa a jikin mota ba aka riƙa ƙara sifirin, ana ɗaga gindin akori-kura, ana dasa injin wannan a jikin waccan da kayan Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Tsofaffin Land Rover da ke hawan tsaunin Mambila da lodi, hannun makanikai ne ya riƙe su har yau. Wannan ƙira ce ta gaske, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Sai dai buƙatar Lau dabam take da ta filin tsere. Motar da za ta kwaso buhunan shinkafa daga fadamar Binuwai da damina ƙarfin ja take nema a ƙaramar giya, da tsayi daga ƙasa, da lagireton da zai jure zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40. CTR da cikinta ke shafar ƙasa ba za ta yi nisa a hanyar gona ba, kuma injin da aka matse irin nata man fetur mai lamba 98 yake so, wanda ba shi gidajen manmu ke sayarwa ba. Man da bai kai ba kan kama da wuta tun lokacinsa bai yi ba, ya riƙa dukan fistan har ya huda shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake dasa babban inji a bar tsohon burki da tayoyin gwanjo da suka ƙare, sannan a fita gwaji ranar ɗaurin aure a tsakiyar gari. Dokar hanya ta ba motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen tituna, kuma babu filin tsere a kusa da zai ɗauke wa titi wannan nauyi. Jami'an duba lafiyar motoci da ƙungiyoyin makanikai a Jalingo za su iya farawa da abu guda mai sauƙi: duk motar da aka sauya wa inji, a rubuta sabuwar lambarsa a takardunta, a gwada burkinta da lodi, kafin a miƙa wa mai ita makulli.