Yadda Ake Gano Matsalar Na'urar Totur da Kwamfutar Inji a Tsofaffin Motocin Shiga Daji: Faɗakarwa ga Direbobin Fakku, Kebbe da Tambuwal

Duk wanda ya san yankin Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe ta kudancin Jihar Sakkwato, ya san cewa da zarar an sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega, akwai ƙauyuka da dama da ba a isa gare su da damina sai da mota mai ƙarfin taya huɗu. Irin waɗannan motoci, kamar Toyota Land Cruiser da Hilux da Mitsubishi Pajero, su ne ke ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatan rigakafi da amfanin gona, kuma yawancinsu tsofaffi ne da aka shigo da su na hannu. Ana gabatar da wannan bayani ne domin jama'a su daina asarar kuɗi wajen sayen kwamfutar inji, alhali sau da yawa laifin na wata 'yar na'ura ce ko waya guda.

Aikin na'urorin biyu

A motar da ke amfani da injekta maimakon kafireto, akwai wani ƙaramin akwati da ake kira kwamfutar inji ko ƙwaƙwalwar mota. Shi ne ke ƙayyade yawan man da za a fesa da kuma lokacin da filogi zai ba da wuta. Domin ya yi haka, yana buƙatar sanin yadda direba ya taka totur, kuma wannan labari yana zo masa ne daga wata na'ura da ke manne a gefen maƙogwaron da iska ke shiga inji, wadda ake kira TPS a taƙaice.

Kwamfutar na aika wa na'urar wuta mai ƙarfin bolt 5. Idan ba a taka totur ba, na'urar kan mayar da kimanin rabin bolt. Idan aka taka shi har ƙasa, sai ta mayar da wajen bolt 4 zuwa 4.5, gwargwadon ƙirar motar. A cikinta akwai wani ɗan harshe da ke gogar wani siririn layi, kuma da daɗewa layin kan cinye a daidai wurin da ƙafar direba ta fi zama. Ya kamata a lura cewa injin dizal na tsohon yayi, kamar 1HZ na Land Cruiser, famfonsa ba ya dogara da kwamfuta, don haka wannan bayani bai shafe shi ba.

Alamomin da direba zai lura da su

Mota kan yi fizga ko shaƙewa idan an taka totur, ko ƙarar inji ta riƙa hawa da sauka tana tsaye, ko ta mutu idan an ɗaga ƙafa. Mai giyar otomatik kan sauya giya ba a kan lokaci ba. Shan mai kan ƙaru, abin da ba ƙaramar asara ba ce tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Har ila yau, fitilar gargaɗi mai hoton inji kan kama. Sai dai toshewar matatar mai, ko raunin famfon mai, ko gurɓataccen fetur irin wanda ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, duk kan haifar da alamomi makamantan waɗannan. Saboda haka alama kaɗai ba ta isa hujja ba.

Matakan bincike

Na farko, a auna batir. Lafiyayyen batir kan nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. A goge kawunan batir, a duba fiyus, a kuma ɗaure wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji.

Na biyu, a karanta lambar matsala. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lambobi daga P0120 zuwa P0124 suna nuni ga layin na'urar totur. A Toyota da suka girmi haka, mai gyaran wayoyin mota kan haɗa TE1 da E1 a ɗan akwatin bincike, ya ƙirga ƙiftawar fitilar gargaɗi. Lamba 41 ita ce ta wannan na'ura. Lambar dai tana nuna layin da ke da matsala ne kawai, ba ta ce lallai na'urar ce ta mutu ba.

Na uku, a zare soket ɗin na'urar a duba ko akwai tsatsa, ko laka, ko wayar da ɓera ya ci, musamman a motar da ke kwana kusa da rumbu. A wanke maƙogwaron iska, a kuma duba matatar iska, domin ƙurar hunturu kan toshe ta da wuri.

Na huɗu, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a sa mita a wayar da ke mayar da saƙo, sannan a buɗe totur a hankali. Idan lambar ta hau sumul, na'urar lafiya take. Idan ta yi tsalle ko ta faɗi a tsakiya, ta cinye. Idan kuwa bolt 5 ba ya zuwa gaba ɗaya, sai a bi wayar har zuwa kwamfuta.

Yaushe ake zargin kwamfuta

Kwamfutar inji ita ce ta ƙarshe da za a zarga. Ana komawa kanta ne idan wuta na shiga cikinta, wayoyi lafiya, amma ba ta fitar da bolt 5, ko fitilar gargaɗi ba ta kamawa ko kaɗan idan an murɗa makulli alhali ƙwanta bai mutu ba. A motocin shekarun 1990, wasu ƙananan kafasito na cikinta kan tsiyayar da ruwa su ci allon, kuma ƙwararren mai gyaran lantarki na iya sauya su da kuɗi kaɗan. Idan sayen wata ya zama dole, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wani wuri, a tabbata lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar, a kuma tuna cewa motar da makullinta ke da tsaron ɓarayi sai an daidaita shi da sabuwar kafin ta tashi.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a cire kan batir inji na aiki da sunan gwada caji, domin wutar kan yi tsalle ta ƙona kwamfuta. Kada a yi walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba. Kada a watsa ruwa a kan soket lokacin wanke inji. A motoci da yawa kwamfutar na ƙasa kusa da ƙafar fasinja, don haka idan ruwan rafi ya shiga cikin mota, a cire batir, a bari ta bushe sarai kafin a sake gwadawa.

Ana kira ga masu motoci da direbobin hukumomi da su gudanar da wannan bincike kafin saukar damina, tun suna kusa da mai gyara, kuma su nemi a nuna musu abin da mita ta karanta kafin su biya kuɗin kowane kaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.